Diffa: Inda Tattasai Ke Tsallaka Iyaka Ta Cikin Waya

Ruwan da Bakano ke gani yana wucewa ta ƙarƙashin gadar Wudil doguwar tafiya ce a gabansa. Zai ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da na kogin Jama'are, ya wuce Gashuwa da Gaidam, sannan ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar na kusan kilomita 150 kafin ya faɗa Tafkin Chadi a wajajen Bosso. A wannan ƙarshen tafiyar tasa ana ce masa Komadugu Yobe. Duk abin da aka yi a madatsar Tiga ko ta Challawa, an saki ruwa ko an riƙe, manomin da ke bakin kogin nan a jihar Diffa ta Nijar yana ji a jikinsa. Da wannan ruwa ake noman busasshen tattasan da ke ba miyarmu da yajinmu launi, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san daga inda yake fitowa.

Abin da ya kai ni can shi ne wani ɗan'uwana mai sayar da kayan miya a Kano. Shekara da shekaru yana karɓar tattasai daga hannun wani dattijo a Diffa, ana loda masa mota ana sauke masa a ƙofar shago, alhali rabonsa da taka ƙasar Nijar tun kafin rikicin Boko Haram ya yi tsanani. Ciniki a waya, biya a waya, ƙorafi ma a waya. Na ce sai na je na ga ɗaya bakin zaren da idona.

Ta Daura na fita, na tsallaka a Kongolam, na kwana a Damagaram. Daga nan hanya ta miƙe gabas: Mirya, Gure, Gudumariya, sai Maine-Sorowa, mahaifar marigayi Shugaba Tandja Mamadou. Tafiya ce ta fiye da kilomita 450 daga Damagaram zuwa Diffa, tudun rairayi a dama da hagu, can sai ka hango wani kwari kore shar da dabino da goruba, inda ake haƙar kanwa da gishiri. Shingayen jami'an tsaro suna ƙaruwa yayin da kake matsawa gabas, kuma kowanne sai an nuna takarda. Wanda ya taso daga Yamai kuwa sai ya ci fiye da kilomita 1,300 kafin ya iso. Wannan nisa shi ya sa tun fil azal fuskar kasuwancin Diffa kudu take kallo, wajen Damasak da Maiduguri, kuma har yau naira tana yawo a kasuwannin yankin kafaɗa da kafaɗa da sefa.

Garin Diffa kansa ba shi da girman kai. Barebari ne masu rinjaye, Manga da Mobar, ga Fulani, ga Tubawa, ga Larabawa, ga Buduma mutanen tafki, ga Hausawa 'yan kasuwa, kuma Hausa tana shiga ko'ina a ciniki. Na sauka a gidan Alhajin da ɗan'uwana ya haɗa ni da shi, aka yi mini karɓa irin ta mutanen Barno, wadda ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa.

Kafin in faɗi abin da na gani a kasuwa, ya kamata mai karatu ya san abin da mutanen nan suka ratsa, don in ba haka ba zai ɗauka labarin waya ne kawai. Kafin 2015 kwarin Komadugu yana fitar da busasshen tattasai kimanin tan 10,000 a shekara, wanda kuɗinsa ke kaiwa sefa biliyan 7 zuwa 10, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari Najeriya yake tafiya. Shi ya sa ake masa kirari da jan zinari. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawa babur, ta hana kamun kifi da cinikinsa, ta hana fataucin tattasai bisa zargin cewa 'yan bindiga na samun kuɗi ta nan, ta kuma tsaurara sayen takin zamani da man fetur, wato abubuwa biyun da gonar tattasai ba ta rayuwa sai da su. Ƙauyukan bakin kogi da dama suka tashi, mutane suka koma zaman bukkoki a gefen babbar hanya. Sai a ƙarshen 2017 aka ɗage takunkumin tattasai, na kifi kuma a 2019. Ba a gama numfasawa ba Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Kogin ya yi ambaliya a 2019, ya sake yi a 2022, ya cinye gonaki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. A cikin shekara goma, da ƙyar za ka sami biyu a jere da ɗan kasuwar Diffa ya yi sana'arsa hankali kwance. Kuma duk da haka kasuwar tattasai tana ci.

Ranar Talata ce babbar kasuwar Diffa. Tun daga nesa hanci ke sanar da kai ka iso, don ƙamshin busasshen tattasai yana kama maƙogwaro, baƙo ya yi ta atishawa, 'yan dako kuwa ko a jikinsu. Buhuna ne jibge har sun fi tsayin mutum, manya-manya amma marasa nauyi, kowanne bai wuce kilo 17 ba ko kusa da haka. An ɗinke bakinsu da igiya, jan tattasan yana leƙowa ta saƙon ɗinkin. Alhaji yana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa da carbinsa da ƙaramar wayarsa mai madannai. Babbar wayar tana hannun ɗansa, saurayi da ya yi karatu a Jami'ar Diffa.

Ina zaune aka kira daga Ibadan ta WhatsApp, kira mai hoto. Bayan gaisuwa mai tsawo, yaron ya miƙe ya ce wa mai sayen ya zaɓi buhun da yake so a buɗe. Mutumin ya ce na uku daga ƙasa. Aka jawo shi, aka farke ɗinkin, yaron ya zura hannu har gwiwar hannu ya damƙo daga tsakiya, inda mai ha'inci ke ɓoye ruɓaɓɓe da fari-fari. Ya baza a tafin hannu cikin rana don launin ya fito sosai. Sannan ya ɗauki guda ɗaya ya kai bakin wayar ya girgiza, 'ya'yan cikin suka yi ƙara caka-caka, ya matse shi ya karye ɓaras. Wannan ƙarar ita ce shaidar ya bushe ƙarau, ba zai yi fumfuna a hanya ba, kuma ba a sayar wa mutum ruwa a matsayin nauyi ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, to a nan an haɗa wa mai saye duka biyun yana zaune a shagonsa a ƙasar Yarabawa.

Da aka zo maganar kuɗi sai yaron ya durƙusa ya miƙa wayar. Ya ce, “Baba, ya gani, ya ce a faɗa masa na ƙarshe.” Alhaji ya karɓa, suka ja, suka daidaita. Abin da ya biyo baya shi ya fi burge ni. Bayan an kashe kiran, Alhaji ya sa aka danna masa wurin ɗaukar murya, ya faɗi yawan buhuna, da farashin kowanne, da wanda zai biya kuɗin mota, da ranar lodi. Mai sayen ya maido da tasa muryar yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi dalili, Alhaji ya ce, “Malam, da can sai mu kira mutum biyu su tsaya shaida. Yanzu muryarsa tana wurina, tawa tana wurinsa, wa zai ce bai faɗa ba?” Mutumin da bai yi boko ba, ba ya rubuta Faransanci balle Turanci, ya sami hanyar ƙulla yarjejeniyar da ba ta buƙatar alƙalami. Na jima ina jin masana suna cewa rashin karatu ne zai hana mutanenmu cin moriyar intanet. A rumfar nan na ga saƙon murya ya rushe rabin wannan katanga.

Biyan kuɗi shi ne inda aikin ya fi wuya, don ƙasa biyu ce, kuɗi iri biyu, kuma bankunan ba sa magana da juna cikin sauƙi. Ga yadda na ga ana yi. Mai saye a Najeriya zai tura naira cikin asusun wani ɗan canji da Alhaji ya amince da shi, ta banki ko ta manhajoji irin su OPay da Moniepoint. Ɗan canjin, ko abokin hulɗarsa da ke Diffa, shi zai ƙirga wa Alhaji kuɗi a hannu, naira ko sefa, gwargwadon wanda yake buƙata. In kuma cinikin na cikin Nijar ne, ko daga Kwatano ko Lome, sai a bi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, waɗanda ke da rassa a garuruwan ƙasar, wasunsu kuma da manhaja a waya. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 take hawa da sauka. Don haka abu na farko da ɗan Alhaji ke dubawa bayan sallar asuba shi ne yadda canji ya kwana, domin mutum yana iya cin riba a tattasai ya zubar da ita a canji kafin la'asar.

Sun gaya mini canjin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya koya musu darasi mai zafi. Mutanen da ke ajiye dukiyarsu da takardun naira a gida, a ƙasar da ba bankin Najeriya, suka wayi gari ana cewa tsofaffin takardu za su daina aiki. Tun daga lokacin da yawa suka rage tara tsabar kuɗi, suka koma barin kasonsu a asusu. Wani amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne tsaro. A hanyar da ake tare motoci, fatake sun daina ɗaure miliyoyi a ƙugu.

Ba a rasa mazambata. Wani dillali ya ba ni labarin yadda aka turo masa hoton shaidar biya na bogi, ya saki kaya, kuɗi ba su taɓa shigowa ba. Yanzu ƙa'idar kasuwar a bayyane take: hoton rasit ba kuɗi ba ne, mota ba ta tashi sai ɗan canji ya kira da bakinsa ya ce sun sauka. Kuma baƙon da ya ɓullo ta Facebook yana neman mota guda, komai daɗin bakinsa, sai ya kawo wanda aka sani ya tsaya masa. A nan na fahimci wayar ba ta kori dillali da mai masauki ba. Tsohon tsarin fatauci na amana, wanda kakanninmu suka yi safarar goro da kanwa da shi, shi ne dai yake aiki, sai dai yanzu saƙon da ke cin mako biyu a hanya yana isa kafin a shanye kofin shayi. Da aka gama lodi da yamma, yaron ya ɗauki hoton buhunan da alamar mai su da aka shafa da fenti, ya ɗauki lambar motar, ya tura tare da lambar direba. Hanyar Damasak zuwa Maiduguri, wadda a da ita ce ƙofar gida, ba kullum take biyuwa ba, don haka kaya kan zagaya ta Maine-Sorowa zuwa Gaidam, ko su yi nisa har ta Maigatari su shiga Kano. Direba da 'yan'uwansa direbobi suna da zaurensu na WhatsApp, inda wanda ya riga wucewa ke faɗa wa na baya halin da hanya take ciki.

Na roƙa aka kai ni gona, a wani wuri da ba shi da nisa da gari inda aka ce lafiya lau. Ana yayyafa iri da damina, a dasa wajen Agusta da Satumba, sannan a yi ta ban-ruwa da inji daga kogi ko daga tafkunan da ambaliya ke cikawa. Tsinka tana farawa cikin sanyin hunturu, a yi ta zagaye bayan zagaye har zuwa bazara. Mata da yara ne suka fi yawa a tsinka. A gefen gona an share fili an baza shanya, ja wur har iyakar ganinka, ƙasa-ƙasa da ita farin rairayi, sama kuma hazo. Na daɗe ban ga abin da ya cika mini ido kamar wannan fili ba.

Manomin da na samu a wurin ya yi mini bayanin tsohon ciwon sana'ar. Ɗan kasuwa ne ke ba manomi bashin taki da mai da maganin ƙwari, in kaka ta yi ya karɓi buhuna a farashin da shi ya yanka. Bashin nan bai tafi ba, kada in yi wa mai karatu ƙarin gishiri. Amma yanzu manomi ya san abin da buhu ya yi a Diffa ranar Talata, ya san abin da ya yi a Kano, don ƙanensa ko abokinsa ya turo masa. Wanda ya san farashi ba a yi masa ciniki irin na da. Ya kuma nuna mini a wayarsa hoton ganyen tattasai da ya nannaɗe, wanda ya tura wa malaman gona, da amsar da suka maido masa da murya. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, wadda ake kira RECA, tana da cibiyar amsa kiran manoma da zaurukan WhatsApp inda ake ba da shawara da harsunan gida. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo, kuma ina fata hukumomin gona na jihohinmu su leƙa su ga yadda ake yinsa ba tare da kashe maƙudan kuɗi ba.

Kifi ma haka. Bandar Tafkin Chadi, wadda a da Baga da Maiduguri ne matattararta, yanzu kwalayenta da yawa Haɗeja suke nufa, daga can su wuce kudu, kuma da hoto da murya ake cinikinsu.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wata baiwar Allah, maƙwabciyar masaukina, da rikici ya raba da ƙauyensu na bakin kogi. Ba ta da gona, ba ta da rumfa a kasuwa. Tana sayen tattasai tiya-tiya, ta tsince, ta cire hanci, ta kai inji a niƙa, ta tankaɗe, ta ɗura a leda mai kauri ta liƙe baki. Wani ta bar shi zalla, wani ta haɗa yaji da citta da kanumfari da masoro. 'Yarta ce ke ɗaukar hoto tana sawa a WhatsApp. Masu saye na farko 'yan'uwa ne da aure ko aiki ya kai Yamai da Agadas. Su suka nuna wa maƙwabtansu, har aka fara aiko saƙo daga Njamena da kuma mutanen yankin da ke zaune a Libiya, masu kewar miyar gida. Ana ba direban motar haya ko matafiyi ya kai, kuɗi su dawo ta kamfanin aika kuɗi. Da na yaba mata sai ta ce, “Ɗana, ni dai ban iya taɓa wayar ba, amma na san abin da na zuba a leda.” Ba kamfani ba ne, ba ta da lasisin fitar da kaya, amma da wannan take ciyar da gida tana biyan kuɗin makaranta, kuma kayanta sun shiga ƙasashen da ita ba ta taɓa takawa ba.

Duk wannan ana yinsa ne da layin da ke zuwa yana ɗaukewa. A cikin gari Airtel da Moov da Zamani suna kamawa, shi ya sa za ka ga ɗan kasuwa da layi biyu ko uku, wani ma har da na Najeriya. Da ka yi nisa da kwalta sai a hau tudu ana ɗaga waya sama. Caji kuwa, faranti mai aiki da hasken rana shi ne gatan ƙauye. Akwai alamun sauƙi: Starlink ya fara aiki a Nijar bisa izini a 2025, kuma babban aikin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyi yana da reshen da ya tashi daga Diffa ya bi ta Ngigmi zuwa iyakar Chadi. In waɗannan suka kai ga talaka a farashin da zai iya, mutanen da suka yi wannan ƙoƙari da layi mai rauni za su yi abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Abu guda ya dame ni. Tattasan nan da zarar ya tsallaka iyaka aka juye shi a faranti a kasuwar Kano ko Legas, sunan Diffa ya ɓace, ya zama tattasai kawai. A Faransa akwai wani ƙaramin gari, Espelette, da barkononsa ya sami kariyar suna tun shekarar 2000, ana sayar da shi a 'yan kwalabe da tsadar da ta ninka ta sauran barkono, saboda kawai an san inda aka noma shi da yadda aka shanya shi. Nijar ma ta san wannan hanya, tunda ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar suna. Tattasan Komadugu bai gaza su ba. Abin da yake buƙata shi ne shanya a kan tamfol ko siminti don a rabu da yashi, injin niƙa mai tsabta, awon inganci da kasuwannin Turai da na Larabawa ke tambaya, da leda mai ɗauke da sunan Diffa da lambar wayar ƙungiyar manoma. Waya ta riga ta kawo mai saye har bakin rumfa. Wannan sauran aikin na hukuma ne da masu jari, kuma ɗaliban Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, suna nan a shirye a ba su dama.

Ga 'yan kasuwarmu na Kano da Katsina da Maraɗi masu sha'awar wannan harka, lokacin da kaya suka fi yawa shi ne daga Janairu zuwa Maris. Ku nemi wanda aka sani ya haɗa ku da dillali a Diffa, ku fara da buhuna kaɗan, ku biya a kan lokaci. Wanda kuma ya sami hali ya je da ƙafarsa, ya bi ta Damagaram, ya yi tafiyar rana, ya riƙe takardunsa, ya tambayi mutanen gari halin hanya kafin ya fita bayan gari, kuma ya daidaita tafiyarsa ta faɗa ranar Talata.